Muryar da Ta Zo Ba Kwanan Wata

Shekaranjiya da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Kafin iska ta iso na bi ɗaki-ɗaki na zare duk wata waya da ke jikin bango, har da ta firji. Maigidana yana zaune yana mini dariya, wai ko tsawa ta san ƙofar gidanmu ne. Shi ba ya Tawa a azumin da ya faɗo tsakiyar damina, shekarar da muka ci anza. Ni ina nan, kuma har yau in ruwa ya fara taɓa ƙasa, kowa yana shaƙar ƙamshi, ni ƙaurin robar da ta ƙone nake ji.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga Yamai ba, da 'yar takardata ta ilimin kwamfuta da girman kan da ya fi takardar nauyi. Na samu aiki a wani ɗan buro, wato ofis, na ƙungiyar iyalan 'yan ci-rani. Wanda ya san Adar ya san mazanmu ba sa zama. Ana gama girbi sai su watse, wasu kudu bakin teku, wasu arewa ta hamada. A zamanin wayar hannu ba ta shiga kowane gida ba, inda ta shiga ma sai an hau tudu ana ɗaga hannu ana neman rezo, wato sabis. Saboda haka ƙungiya ta yi dabara. A garuruwan da mutanenmu suke taruwa akwai masu shagon kwamfuta da ke naɗar muryar mutum, ya gai da gida, ya faɗi abin da zai faɗa, su turo mana. Saƙon ya faɗo cikin wata tsohuwar na'ura da ke kusurwar buro, mu saurara, mu jefa shi a dosiyen ƙauyensu, wato jakar da muka ware musu a cikin na'urar. Ranar kasuwa a kwafi sababbin, a kai.

Abin da ke sa wannan ya yiwu wata manhaja ce ta raba fayil, wadda take sa na'urori da yawa, na kusa da na nesa, su ga dosiye ɗaya kamar a cikin cikinsu yake. Masu ita sun bar ta a buɗe, kowa yana iya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ba a biyan ko sisi. Wanda ya kafa mana ita shi ne Agali, mutumin Takanamat, harshensa na gida Tamashek, dogo, marar son magana, mai shan shayi kamar da shi aka yaye shi. Azumi ba yunwa yake sa shi ba, kewar butar shayinsa yake sa shi. In rana ta take sai ka ga ya kalli butar a kan taga ya yi ajiyar zuciya, ni kuwa ba na barinsa ya huta da tsiya.

A gidanmu na Barmu akwai wadda take jiran saƙo fiye da kowa, ko in ce wadda ta gama jira. Zainabu ce, matar yayana Sahabi. Yaya ya bi ta arewa tana da ƙaramin ciki. Saƙonsa ya zo sau biyu, daga nan shiru. Aka tambayi duk wanda ya dawo, babu wanda ya ce ya gan shi da rai, babu wanda ya ce ya ga gawarsa. Mahaifin Zainabu ya zo daga Afala ya kai magana gaban liman, liman ya ce shari'a ta yanka wa matar wanda ya ɓace shekara huɗu, in sun cika babu labari ta yi takaba ta fita. A wannan azumin ne shekara huɗun suke cika. An riga an shirya, bayan salla za ta shiga takaba, in ta fita ta koma Afala da ɗiyarta Habsu. Zainabu ba ta kai shekara talatin ba. Akwai ma wani malamin lakwal, makarantar boko, a garinsu da matarsa ta rasu, wanda ya cika aiko gaisuwa ta bakin mahaifinta. In na tsokane ta da shi sai ta jefe ni da ludayi tana rufe fuska. Ina son yayana, amma ina son Zainabu ta rayu, kuma ban ga laifi a haɗa biyun ba.

Shekarar da ta gabata ruwa ya ɗauke, gero yana cikin bunni, aka girbe kara. Kafin wata damina ta kama rumbuna sun zama ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen sun yi ƙaura. Mata suna fita daji tun asuba su tsinko 'ya'yan anza, a jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗacin ya fita, kuma ba ya fita duka. Sahur ɗan kunu ne tsararo wanda kana iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Buɗa-baki ganyen tafasa ne da aka dafa aka yayyafa masa garin rogo. Ga shi ruwan bana ya zo da kyau, gero ya yi kore shar, ciyawa ma haka, kuma ciyawa ba ta san ana azumi ba. Duk ƙarshen mako ina hawa bayan mota in je Barmu in kama hauya tare da su. Mazan da suka rage a gari tsofaffi ne, don haka mata muke yin gayya, yau gonar wannan gobe ta waccan. Zafin damina irin mai laima ne, gumi ba ya bushewa, ƙudaje suna bin ido. Wajen azahar sai ka ga mace ta dafa hauya ta tsaya cak, ta rufe ido har jirin ya wuce, sannan ta ci gaba. Ba a yin waƙa a gayyar shekarar nan, yawu ya yi tsada.

A daidai wannan lokacin tsohuwar na'urarmu ta fara ciwo. Faifan da ke cikinta ya riƙa ƙas-ƙas, ta mutu ta farfaɗo. Wani porje na masu ba da agaji ya ji tausayinmu ya ba mu sabuwa, fara sol, da batirinta mai tare mata mugun kuran, wato wutar lantarki. Amma kyautar da sharaɗi ta zo. Tsarin da ke tafiyar da ita rufaffe ne, na kamfani, ba a ganin cikinsa, kuma in muka cire shi muka sa wanda muka saba da shi za su ɗauke kayansu. Batirin ma an rubuta cewa ita kaɗai zai riƙe. Manhajarmu kuwa ba a gina ta don wannan tsarin ba. Sai dai a ɗauko rubutunta a bi shi layi-layi, duk inda take roƙon tsohon tsari ya yi mata wani abu, a nemo yadda ake roƙon sabon. Kamar a ba ka riga a ce ka gyara wa mutumin da ya hana a gwada shi, yana cikin ɗaki ya kulle ƙofa, sai dai ka miƙa ta taga ya jefo maka ita in ba ta shiga ba.

Haka muka wuni muna yi, ni da Agali, kwana da kwanaki. Mu gyara, mu sa na'ura ta harhaɗa, ta yi ta nazari, sannan ta tofo mana kuskure shafi guda. Mu gyara wannan, wani ya ɓullo. Kuran yana zuwa yana tafiya yadda ya ga dama. Da yunwa a cikinka haruffa suna rawa a kan gilashi, sai ka karanta layi ɗaya sau uku ba ka san me ya ce ba. Sannu a hankali ta fara shiga. Dosiye ya buɗu. Fayil ya wuce daga wannan na'ura zuwa waccan. Na yi guɗa a buro, Agali ya ce in rage, mutane za su ɗauka an ga wata.

Abu ɗaya ya ƙi. Kowane saƙo yana ɗauke da ranar da ya iso, da ita muke bambance sabo da tsoho. In muka kwafe shi zuwa sabuwar na'ura sai ta goge ranar ta buga tata, ta yau. Mun bi ta nan mun bi ta can, ƙofar da ake bi a gaya mata ta bar ranar ba mu same ta ba, takardun kamfanin kuma sun yi shiru a kan wannan. Rannan faifan tsohuwar ya yi wani kuka da bai taɓa yi ba. Agali ya dafa ta ya ce, "Ramatu, wagga ba ta kai salla. Mu kwashe muryoyin mutane tukuna. Kwanan wata shina nan cikin tsohuwa, in munka samu ƙohwar sai mu dawo mu ɗauka."

Magana ce ta hankali, ko yau aka tambaye ni haka zan ce a yi. Muka sa ta kwafa tun hantsi. Ta gama ana kiran la'asar. Muna cikin salla iska ta taso, kwanon rufi ya fara kaɗawa, kafin mu sallame aka yi wata tsawa da na ji ta a haƙorana. Da muka shiga ɗaki sabuwar tana nan tana ƙyafta ido a bayan batirinta. Tsohuwar tana hayaƙi. Agali ya buɗe ta, ya ciro faifan da zafinsa, ya juya shi, ya ajiye a hankali. Ya ce innalillahi.

Washegari muka zauna tantance abin da muka tsira da shi. Dubban muryoyi, dukansu da rana ɗaya a goshinsu. Waɗanda ke cikin dosiyen ƙauyuka ba su dame mu ba, an riga an kai su. Inda saƙo ke fara faɗowa ne muka ga abin da ba mu sani ba. Ashe in rezo ya yanke ana cikin turo saƙo, guntun da ya iso yana zama a nan, tsohon tsari yana ɓoye shi don bai cika ba. Sabon bai san wannan ladabin ba, ya baje su duka a fili. Guntaye ne na shekara da shekaru, sun cakuɗe da na makon nan, don a makon ma rezo ya yi ta yankewa. Muka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Wani sallama kawai ya yi aka yanke. Wani tari. Wani yana cewa a sayar da akuya, ba a ji ta wa ba. Ina danna na gaba sai na ji iska tana bugun makirfo, da ƙarar mota can nesa, sannan murya.

"Salamu alaikum. Ni na, Sahabi na Barmu. Inna, ina gaishe ki. Ki ce ma Zainabu ta yi haƙuri, lahiyata lau. Ina nan tahe in Allah ya so, kahin..."

Nan ta tsaya. Na yi murna har na zauna a ƙasa ina kuka ina dariya. Sai da na sake saurara ne tsoro ya shigo. Kafin me? Kafin girbi, kafin salla, kafin ta haihu? Da ya ƙara kalma ɗaya da mun sani. Na tono cikin fayil ɗin ko akwai wata alama, babu, abin da aka naɗa da shi ba a taɓa saita agogonsa ba. Muka aika wa masu shagunan arewa tambaya. Wasu shagunan sun rufe tun tuni, waɗanda suka rage dukansu da suna ɗaya suke shigowa na'urarmu, kuma babu wanda ya tuna wani Sahabi. Wani ya amsa cewa mutum nawa zai riƙe, kullum ana wucewa.

Na ce wa Agali ko mu bar shi a nan har mu gane. Ya kalli butarsa, ya ce, "Ba namu ba na. Mutum ya yi sallama ga uwatai, mu wa munka zama da za mu tare?"

Ni na kai shi da kaina ranar kasuwar Barmu. Na jira aka sha ruwa, muna zaune a tsakar gida, Inna da Zainabu da Habsu a cinyarta. Kafin in kunna na yi musu bayani dalla-dalla, na ce guntu ne, na ce ba mu san na yaushe ba ne, yana iya zama na shekarun baya. Na faɗa sau biyu. Suka ce to. Na kunna.

Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa nuna ta damu da shi a gaban mutane ba. Ko da ya ɓace ba wanda ya ga hawayenta. Da muryar ta yanke sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ɗan geron da ta ɓoye don ranar salla, ta zuba a turmi ta fara daka a daidai lokacin da kowa ke neman wurin kishingiɗa. Maƙwabta suka ji ƙarar taɓarya a shekarar da turmi ya yi shiru, suka leƙo. Ta ce musu, "Wancan yaron ya yi magana." Ta dama hura ta raba sadaka. Kafin a yi sallar asham duk Barmu an san Sahabi yana da rai, bayanin da na yi sau biyu kuwa ko zaure bai kai ba.

Zainabu ba ta motsa daga inda take ba. Ta ce in sake kunnawa. Na sake. Habsu ta tambaya wane ne, ta ce mata, "Babanki na." Ban iya karanta fuskarta ba, kuma na ji kunyar in tambaye ta.

Bayan salla mahaifinta ya zo daga Afala kamar yadda aka shirya, aka taru a zauren liman, aka kira ni. Ban taɓa shiga zauren nan ba sai ranar. Liman tsoho ne mai sanyin murya. Ya saurari saƙon, ya sa aka maimaita, sannan ya juyo gare ni.

"Ɗiyata, ke kinka san mashin ɗin ga. Wagga magana, ta bana ta ko ta da?"

Na ce, "Allah shi gafarta malam, ban sani ba."

"Ba ki iya dibawa?"

"Wurin da za a diba ya ƙone. Sabuwar kuwa ba ta bari a ga cikinta."

"To a naki gani, wane ya hi ƙarhi?"

Na san abin da mahaifin Zainabu yake so in ce, yana kallona. Na san abin da Inna take so in ce, tana bayan zana tana ji. A raina na fi zaton tsoho ne, don guntayen da sun fi na makon yawa nesa ba kusa ba. Na faɗi haka. Liman ya ce zato ne ko sani? Na ce zato ne. Ya ce aure tabbas ne, ba a kwance tabbas da zato. Ba zai sa mace ta yi wa mutum takaba ba alhali an ji muryarsa a watan nan yana cewa lafiyarsa lau. In za a ƙirga, daga yau za a fara. Amma ya ce akwai wata ƙofa: Zainabu tana da haƙƙin ta nemi a raba auren saboda daɗewar rashi, wannan ba ya bukatar a ce ya mutu. Mahaifinta ya yi saurin cewa haka za a yi. Aka tambaye ta.

Daga bayan zana ta ce, "Baba, mutum ya aiko in yi haƙuri, shina tahe. In ce mi? In ce na ƙi?"

Mahaifinta ya koma Afala shi kaɗai. Geron shekarar ya yi kyau ƙwarai, mun ci mun ƙoshi, rumbuna suka cika. Malamin lakwal ya auri wata. Agali ya samo ƙofar kwanan watan bayan girbi, layi uku ne kacal, tun daga nan kowane saƙo yana shigowa da ranarsa. Porje ya ƙare ya ɗauke na'urarsa, wayoyi suka cika gari, buro ya rufe don ba a bukatarsa. Yanzu yaro yana hamada yana turo wa uwarsa murya, ta ga sa'ar da ya yi magana, shi ma ya ga sa'ar da ta saurara.

Zainabu ta sake zama shekara huɗu a gidanmu, tana noma gonar Inna. Duk motar da ta tsaya ranar kasuwa sai Inna ta sami dalilin fita ƙofar gida. Yaya bai zo ba, wani saƙo bai sake zuwa ba. Da suka cika ta yi takabarta, amma ba ta koma Afala ba, ta ce ta saba, kuma wa zai riƙe tsohuwa. Ita ta yi jinyar Inna, a hannunta ta cika.

Bara aka yi bikin Habsu. Da mutane suka watse muna wanke tukwane ni da ita a bayan ɗaki, furfura ta fito mata a gaban kallabi, sai ta ce, "Ramatu, yanzu da mashin sunka yi wayo, ba a iya buɗe maganar nan ta yayanki a ga ranar?"

Na ce mata na gwada, ba sau ɗaya ba. Duk wanda na sani a wannan sana'a na tura masa. Ranar ba ta cikinsa. Na ce, cikin wasa don in sauƙaƙa, ko wani malamin lakwal ne ya sake aiko gaisuwa?

Ba ta jefe ni da komai ba. Ta ci gaba da goge gindin tukunya da toka.

"Aure ya wuce ni, ba shi nika nema ba," ta ce. "So nikai in sani kawai. Shekarun ga huɗu na baya da na zamna, miji nika jira, ko kabari nika gadi?"

Na buɗe baki, na ga amsar da na ba liman ita ce dai a bakina. Ta dube ni, ta gane, ta miƙo mini tukunyar in ɗauraye.